Hodar titaniyom da ranar Maraɗi: amsa ga ɗalibar da hodarta ta koma rawaya

Wata ɗalibar kimiyyar sinadarai da ke shirin rubuta kundin digirinta na biyu a nan Maraɗi ta aiko da tambaya. Ta ce ta zuba farar hodar titaniyom dayoksaid (TiO2) a ruwan da ta rina da shuɗin metilen, ta ajiye a rana, shuɗin ya dushe. Ta maimaita a labo ƙarƙashin farar fitilar LED, kusan babu abin da ya motsa. Sai ta gauraya hodar da yuriya ta gasa don ta cusa naitirojin cikin ƙwayar, hodar ta koma rawaya, kuma a wannan karon shuɗin ya ragu ko a ƙarƙashin fitilar. Tana son ta san ko ta yi nasarar sa hodar aiki da hasken da ido ke gani, sannan wane gyaran fuska ne ya fi dacewa idan ana son tsabtace ruwan da ke fita daga marina da majema.

Ɗiyata, sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Mai yiwuwa ne hodarki tana aiki da hasken fitilar, amma gwajin da kika yi ba zai tsaya miki shaida ba, ko da shuɗin ya ɓace ƙarƙaf. Hoda ta sha haske daban, ta yi aiki da hasken da ta sha kuma daban, kuma a tsakanin nan ne kundaye da yawa ke yin tuntuɓe. Bari mu leƙa cikin ƙwayar tukuna, in ba haka ba shawarar da zan ba ki hadda kawai za ta zama.

A cikin ƙwayar TiO2, elektaron suna zaune a wani mataki na ƙasa wanda ya cika maƙil. Sama da shi akwai wani matakin da babu kowa. Tsakaninsu tazara ce wadda elektaron ba ya iya tsayawa a cikinta: ko ya tsallake gaba ɗaya, ko ya zauna inda yake. A nau'in TiO2 da ake kira anatas faɗin tazarar 3.2 eV ne (eV ma'aunin makamashi ne), a nau'in rutil 3.0. Shi kuwa haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kuma launinsa ne ke yanke ƙarfin kowace ƙwaya. Idan kika raba 1240 da tsawon zangon haske a nanomita, kin samu ƙarfin ƙwayarsa a eV. Ki juya lissafin, 1240 a raba da 3.2, za ki ga kusan 387. Ke nan sai hasken da zangonsa bai wuce nanomita 387 ba zai iya ɗaga elektaron a anatas, alhali idon ɗan Adam daga wajen 400 yake fara gani. Farar fitilar LED asalinta shuɗiya ce mai nanomita 450, aka shafa mata sinadarin da ke mayar da wani kaso rawaya, don haka yawancin ƙwayoyin haskenta ba su wuce 2.8 eV ba. Idan ruwan rijiya yana gaba ashirin, igiyar guganki kuma gaba sha takwas ce, ko guga ɗari kika zura ba za ki ga ɗigo ba. Ƙara yawan fitilu ba ya ƙara wa igiyar tsawo.

Rana ta yi miki aiki ne don tana ɗauke da UV, wato hasken da zangonsa ke ƙasa da 400, sai dai kaɗan ne, kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na makamashin da ke isowa ƙasa. Hasken da ido ke gani ya haura kashi 40. Kwaɗayin wannan babban kaso ne ya hana masana sakat tun 1972, lokacin da Fujishima da Honda suka nuna a Japan cewa TiO2 tana iya raba ruwa da taimakon haske.

To, elektaron ya tsallaka sama, ya bar gurbi a ƙasa. Aiki bai fara ba tukuna. Dole su biyun su kai fuskar ƙwayar. Gurbin yana fizge elektaron daga ruwa ko daga dattin da ya manne a fuskar, a samu radikal ɗin •OH mai farfasa kusan duk wani sinadari mai kabon. Elektaron ɗin kuma ya hau kan iskar oksijin da ta narke a ruwan. Matsalar ita ce mafi yawansu ba sa kaiwa: cikin 'yan nanosakan elektaron ya koma gurbinsa, makamashin ya zama ɗumi, an yi ba a yi ba. Dalilin da ya sa ake niƙa abin zuwa ƙwayoyin nano ke nan, don hanyar zuwa fuska ta gajarta, fuskar kuma ta yi faɗi. Hodar TiO2 ta kasuwa mai suna P25, wadda duniya ta mayar ma'aunin kwatance, ƙwayarta kamar nanomita 21 ce, kuma giram ɗaya nata yana da fuskar da ta kai murabba'in mita 50. A kan wannan fuskar ake yin komai. Mai gyaran hoda yana da bashi uku a wuyansa, wato ta sha hasken, ta raba elektaron da gurbinsa, kuma su biyun su iso da sauran ƙarfin yin aiki. Mutane na farko suke bi, don shi kaɗai ne ido ke gani a cikin kasko.

Na ukun nan shi ne inda gizo ke saƙa. Gurbin TiO2 yana da ƙarfin fizga na kusan bolt 3, abin da ya sa ba ya barin komai. Matakinta na sama kuwa da ƙyar ya isa ya miƙa wa oksijin elektaron. Duk wanda ya rage tazarar, daga ɗayan biyun nan ya yanko. In ya ɗaga ƙasa, gurbi ya yi sanyi. In ya sauke sama, oksijin ya ƙi karɓa, elektaron su taru su koma gurabensu. A 2001 Asahi da abokan aikinsa a cibiyar binciken Toyota suka cusa naitirojin cikin ginin TiO2, hodar ta yi rawaya, ta sha haske har wajen nanomita 500, duniya ta ɗauka. A 2004 ƙungiyar Hoffmann a Kalifoniya ta gwada irin wannan hoda da fomet, sinadarin da TiO2 ke ci a sauƙaƙe ƙarƙashin UV, sai ta kasa cinsa da hasken da ido ke gani. Gurbin da ya sauka kan naitirojin ba shi da haƙoran na asali. Hodar WO3, oksaid ɗin tungsten, kuma ta ɗayan gefen take da rauni: tana shan shuɗin haske, gurbinta da ƙarfi, amma elektaron ɗinta bai isa ya hau oksijin shi kaɗai ba. Sai da Abe da Ohtani suka ɗora mata ɗan filatinom a 2008, wanda ke tara elektaron ya miƙa su bibbiyu ko fiye, sannan ta nuna abin da take iyawa.

Yanzu ga hodarki. Kin ce kin cusa naitirojin cikin ƙwayar, ni kuma na fi zaton lulluɓe ta kika yi. A 2008 Mitoraj da Kisch a Jamus suka bi diddigin wannan girki na yuriya da TiO2 a wajen digiri 400, suka tarar yuriyar tana rikiɗa ta zama melamin, melamin ɗin ya harhaɗu ya zama siririn rufi na kabon da naitirojin a fuskar ƙwayar. Wannan rufin ne ke shan shuɗin haske ya tura elektaron cikin TiO2. Wannan ba abin kunya ba ne, gyaran fuska ne na gaske, kuma zan dawo kansa. Amma kada ki rubuta a kundi cewa naitirojin ya shiga ginin ƙwayar alhali launi kawai kika gani. Wanda zai zauna a kujerar jarrabawa zai tambaye ki hujja, kuma rawaya ba hujja ba ce.

Babban abin da ya ɓata gwajinki shi ne shuɗin metilen kansa. Rini ne, aikinsa ke nan shan hasken da ido ke gani, kuma ya fi sha a nanomita 664. Rinin da ya manne a fuskar TiO2, in haske ya buge shi, yana iya jefa nasa elektaron cikin matakin saman hodar, ya lalace da kansa, ba tare da hodar ta sha ko ƙwayar haske ɗaya ba. A kan wannan dabarar ce O'Regan da Grätzel suka gina farantin solarsu mai rini a 1991. Ohtani da mutanensa sun nuna a 2006 cewa shuɗin metilen bai dace da auna irin wannan hoda ba, amma har yau ana ta amfani da shi don yana da araha kuma hotonsa na da kyau. Rinin rodamin B ma haka yake. Bayan wannan, hodar da aka gyara takan fi ta asali tsotsar rini. Ki tace hodarki bayan gwaji ki duba: in ta fito shuɗiya ko kore, rinin ƙaura ya yi daga ruwa zuwa hoda, bai mutu ba. Akwai kuma hanya ta uku da launi ke ɓuya. Shuɗin metilen in ya karɓi elektaron yakan koma marar launi, in aka kaɗa shi da iska ya dawo. Marina sun riga mu sanin wannan halin, don shi suke gani kullum a baba: a tsamo zane daga karofi yana kore-kore mai ratsin rawaya, iska na bugunsa ya rikiɗe shuɗi.

Ko da rinin ya karye da gaske, ɓacewar launi ba ta nufin ruwa ya tsarkaka. Galurar zamani da yawa irin azo ce, wadda launinta ke rataye da mahaɗin naitirojin biyu a tsakiya. Karya wannan mahaɗin kawai ya isa ruwa ya yi garau, amma gutsattsarin da suka rage amin ne, waɗanda wasunsu sun fi rinin illa. An gudu ba a tsira ba. Abin da ake aunawa shi ne yawan kabon da ya rage a ruwan, ko aƙalla yawan oksijin da dattin zai ci, wanda ake yi da dikromat kuma ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Ga yadda nake so ki sake gwajin. Ki ajiye rini, ki ɗauki abu marar launi: fenol, wanda za ki bibiya a nanomita 270, ko farasitamol a 243. Ki zuba hoda tsakanin rabin giram da giram ɗaya a lita, ki juya a duhu minti 30 zuwa awa ɗaya har tsotsar ta tsaya, daga nan ki fara ƙirga lokaci. A gefe ki ajiye kofi mai haske ba hoda, da mai hoda ba haske, da kuma wanda ya fi su duka muhimmanci, mai hodar asali da ba a taɓa ba ƙarƙashin fitilar nan dai. Ba don cika ƙa'ida na ce haka ba. Fenol da 'yan uwansa suna iya ɗaurewa da titaniyom ɗin fuska su sa farar hoda ta ɗan sha hasken da ido ke gani, don haka ba za ki san rabon gyaranki ba sai kin cire rabon hodar asali. Kada ki yi amfani da dogon ƙwan fitila na da, yana yoyon UV a nanomita 365, kuma wannan ɗan yoyon ya yaudari mutane da yawa. In dole ne, ko in rana za ki yi amfani da ita, ki ratsa hasken ta ruwan sodiyom naitirayit mai kauri, yana tare hasken da ke ƙasa da nanomita 400. Sannan ki sayi ƙananan LED shuɗi da kore da ja, ki gwada kowanne daban. Hodarki rawaya shuɗi take sha. In aikin ya fito da shuɗi ya mutu da ja, alama ce mai kyau. In ya fi da ja, ba hodar ke aiki ba. Ki rufe kofunan da gilashi, ki auna nauyinsu kafin da bayan gwaji, don a zafin Afrilu ruwan da ke ƙafewa kaɗai ya isa ya karkatar da lissafi. Daga ƙarshe ki wanke hodar ki sake amfani da ita a jere, ki ga ko ƙarfinta na nan.

Tambayarki ta biyu fa, wace hanya? Wasu ba sai mun daɗe a kansu ba. Cusa ƙarfe cikin ginin ƙwayar tsohuwar hanya ce. A 1994 Choi da Hoffmann suka gwada nau'i 21, suka ga wasu kamar baƙin ƙarfe suna taimakawa ne kawai tsakanin kashi 0.1 da 0.5 cikin ɗari, wasu kamar kobal da alminiyom ragewa suke. In aka zarce, baƙon ya zama mahaɗar da elektaron ke komawa gurbi. Ƙwayoyin zinariya suna shan kore a wajen nanomita 520 su tura elektaron cikin hodar, abin gwanin sha'awa ne, amma ruwan marina ba zai biya kuɗin zinariya ba. Azurfa ta fi araha, sai dai tana narkewa a hankali, kuma tana kashe ƙwayoyin cuta ko a duhu, abin da ke rikita sakamako. Baƙar TiO2 da Chen da Mao suka fitar a 2011 sun yi ta ne da iskar haidirojin mai matsin bar 20 a digiri 200 har kwana biyar. Kada ki kusanci wannan ba tare da kayan da aka ƙera dominsa ba, kuma binciken baya ya nuna yawancin ribar ma a ɓangaren UV take. CdS, wato kadmiyom salfaid, tana shan haske da kyau, amma haske na cinye ta tana sakin kadmiyom, guba ke nan a ruwan da aka zo wankewa.

Na san za a ce miki ki gwada zoɓo ko lalle ko bagaruwa, tunda namu ne. Kimiyyar gaskiya ce: launin zoɓo da tanin na bagaruwa suna da hannayen da ke kama titaniyom, farar hoda ta yi launi nan take, ta fara shan haske. Amma hodar ba ta san nata ba. A rana, inda UV ke tashin gurbi mai ƙarfi, rufin da kika sa shi ne abincinta na farko. Irin wannan gyara ya fi amfani inda elektaron ake buƙata, misali mayar da kuromiyom mai guba Cr(VI) zuwa Cr(III).

Biyu nake ganin sun dace da ke. Ta farko ita ce ɗora ɗan jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe a fuskar ƙwayar, ba cikinta ba, wadda Irie da Hashimoto suka fito da ita a Tokiyo a 2008. Girkin ba shi da wuya: a juya hodar a ruwan CuCl2, gishirin jan ƙarfe, a digiri 90 na awa ɗaya, a wanke, a busar a wajen 110. Babu gashi mai zafi. Jan ƙarfen kashi 0.1 cikin ɗari ne na nauyin hodar, wato miligiram ɗaya a giram ɗaya, wanda ya yi daidai da miligiram 2.7 na gishirin CuCl2 mai ruwa biyu. Kada ki ce za ki auna wannan a sikeli. Ki narkar da miligiram 270 a mililita 100, ki ɗebi mililita ɗaya. Abin da ke burge ni a hanyar nan shi ne ba a taɓa matakin ƙasa ba. Shuɗin haske mai kamar nanomita 450 yana ɗaga elektaron daga ƙasan TiO2 kai tsaye zuwa dunƙulen jan ƙarfen da ke fuska, gurbin ya zauna da cikakken ƙarfinsa, jan ƙarfen kuma ya miƙa elektaron ga oksijin. An raba su ke nan tun daga tashi. Rauninta shi ne hasken da take sha kaɗan ne, launin hodar da ƙyar yake sauyawa, kuma ta fi yin suna wajen tsabtace iskar ɗaki da kashe ƙwayoyin cuta a bango fiye da ruwa. A ruwa mai tsami jan ƙarfen na iya sauka, don haka ki auna shi a ruwan da kika tace, ko ki yi da FeCl3, gishirin baƙin ƙarfe, wanda saukarsa ba ta da haɗari kamar haka.

Ta biyu ita ce ki gyara abin da kika riga kika fara. Rufin nan da ya fito miki ɗan uwan g-C3N4 ne, haɗin kabon da naitirojin wanda Wang da abokansa suka nuna a 2009 yana aiki da haske ba tare da wani ƙarfe ba. Tazararsa 2.7 eV, yana sha har nanomita 460. Ana yin sa da yuriya a kaskon tangaran mai murfi, a hau da zafi sannu-sannu zuwa digiri 550, a bar shi awa biyu zuwa huɗu. Kada ki firgita in kin buɗe: daga giram 20 na yuriya da ƙyar ki samu giram ɗaya na wata hoda mai sauƙi, ruwan ƙwai-ƙwai. Sauran ya tashi hayaƙi, kuma hayaƙin akwai amoniya da abin da ya fi ta sharri, sai a inda iska ke fita waje. Yuriyar takin zamani ta kasuwa tana yi, amma ana ƙara mata abin hana dunƙulewa, don haka ki gasa ta labo ma ki kwatanta. Haɗa shi da TiO2 sai an gasa su tare ko an sa fuska ta manne da fuska sosai. Gauraya hoda biyu da cokali ba ya gina gadar da elektaron zai bi. Kada ki wuce digiri 600, anatas zai fara komawa rutil, ƙwayoyin su kumbura, fuska ta ragu. Ki kuma sani cewa gurbin g-C3N4 wajen bolt ɗaya da rabi ne, bai isa ya fitar da •OH daga ruwa ba, ta hannun oksijin yake yawancin aikinsa. Za ki iya tabbatarwa: ki ɗiga aisofurofanol, mai kame •OH, a kofi ɗaya, benzokwinon mai kame oksijin mai elektaron a wani, ki ga wanne ya tsayar da aikin.

Akwai maganar da ba za ki cika samu a takardun da kike karantawa ba, don yawancinsu ba a ƙarƙashin irin ranarmu aka rubuta su ba. Japanawa sun dage kan hasken da ido ke gani ne galibi saboda cikin ɗaki, bangon asibiti da ofis, inda babu UV sam. Mu kuwa ƙasarmu tana samun tsakanin kilowat-awa 5 da 7 a kowane murabba'in mita a yini, kuma da tsakar rana UV kaɗai yakan kai wat 30 ko fiye. Tun zamanin marigayi Farfesa Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda ya jagoranci ofishin makamashin rana a Yamai, ake faɗa mana wannan arzikin. Hodar da aka gyara sau da yawa tana samun ɗan riba a hasken da ido ke gani, ta yi asara babba a UV, saboda tabon da gyaran ya bari a jikinta. A labo ƙarƙashin LED sai ta yi fintinkau, a fito da ita rana P25 ta wuce ta. In haka ta faru, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Saboda haka gwajin da zai raba gardama a kan rufin soro za a yi shi: tire biyu gefe da gefe, ruwa ɗaya, sa'a ɗaya, ɗaya hodar asali ɗaya taki.

Kuma ki yi shi a lokuta daban-daban na shekara. Ƙurar hunturu tana ɗauke da tsatsar ƙarfe, tana cin UV fiye da yadda take cin sauran haske. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ranar da hazo ya rufe gari, a nan ne hodar da aka gyara take da damar nuna fifiko. Wanda ke Tokiyo ba zai iya yin wannan auni ba, ke za ki iya, kuma a ganina ya fi ƙara wata sabuwar hoda a kan dubban da ake da su daraja.

Ruwan marina na gaske kuwa ba ruwan labo ba ne. Baƙi ne wuluk, haske ba ya ratsa ko santimita ɗaya. Cike yake da soda da gishiri da toka, kuma kabonet yana lashe •OH kafin ya kai ga rini. Fuskar TiO2 tana sauya caji a wajen pH 6: ƙasa da haka tana jan rini mai caji marar kyau, sama da haka tana tunkuɗe shi, kuma yawancin galurar auduga irin wannan cajin gare ta, ruwanta kuma can sama yake. Na majema ya fi wuya, ga kitse, ga gashi, ga toka. Masu jima da bagaruwa ba su da kuromiyom. Inda ake jimar zamani kuma yawancinsa Cr(III) ne, wanda farar ƙasa ke kwantar da shi ba sai da haske ba. Ke nan hodarki a ƙarshen layi take: a bar ruwa ya kwanta, a sa alif ko garin 'ya'yan zogale ya tattara dattin, a bi da shi ta yashi, a daidaita pH, sannan a kawo mata ta ƙarasa. Ki kuma sa foto-Fenton a kwatancenki, wato gishirin baƙin ƙarfe da H2O2 (haidirojin feroksaid) ƙarƙashin haske a pH kusan 2.8. A cibiyar binciken rana ta Almeriya a Sifen sun daɗe suna gwada hanyoyin biyu, kuma a ruwan masana'antu sau da yawa ita ke riga TiO2.

Sai batun kwashe hodar. Ƙwayar nano ba ta kwanciya da wuri, kuma ba a barinta a ruwa. Tarayyar Turai ta hana sa TiO2 a abinci tun 2022, hukumar binciken kansa ta duniya kuma ta sa ƙurarta cikin abin da ake zargi in an shaƙa, don haka ki sa takunkumi in kina aunawa. Mafita ita ce a manna ta a tayil ko gasasshen yumɓu ko gilashi, duk da fuska za ta ragu. In gilashin taga ne, sodiyom ɗinsa na hawowa lokacin gashi ya kashe hodar, sai an fara shimfiɗa silika.

Wani zai tambaye ki ko wannan zai magance irin ruwan Tibiri, inda fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara a shekarun baya. Ki ce a'a kai tsaye. Haske yana karya sinadarai masu kabon, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma fuloraid ba abin karyawa ba ne. Sauke shi ƙasa da miligiram 1.5 a lita, iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya, aikin gawayin ƙashi ne ko alumina ko alif da farar ƙasa.

Ki fara da fenol da hodar asali a makon nan, kafin ki sake gasa komai. In lambobin sun fito ki turo mini su, tare da kwanan wata da sa'ar da kika yi kowane gwaji, da yadda sama take a ranar, sai mu ga ko jan ƙarfe za ki bi ko yuriya.